Girar Yaya Wietske

Yayata Wietske Hoekstra da hannu ta fara magana kafin ta buɗe baki, don iyayenmu duk kurame ne. Da ta girma sai abin ya zama sana'arta. Shekara da shekaru tana tafinta a gidan talabijin na lardinmu, a ɗan lungun nan na ƙasan allo, tana mayar wa kurame labarai. Duk lardin namu na Groningen babu kurman da bai san fuskarta ba, kuma da fuskar take rabin aikin. A yaren kurame, in ka ɗaga gira tambaya kake yi, in ka bar ta a kwance labari kake bayarwa.

Tana da shekara hamsin da huɗu aka kawo musu sabon shugaba, wani yaro mai suna Floris, wanda ko gaisuwa bai iya da hannu ba. Ya kira ta ofis, ya zuba mata kofi.

"Ranki ya daɗe, ba wani abu ba ne," in ji shi. "Sabbin kyamarorin nan ba sa rufa wa kowa asiri. Goshin nan naki ne, sai mutum ya ɗauka faɗa kike yi da shi. 'Yar allura ce fa mai goge tamojin goshi, kowa na yi. Ba dole ba ne, amma ki duba."

Na ce mata, "Yaya, ba dole ba ne ɗin nan shi ne dolen. Kada ki je."

Ta ce, "Ke kina da miji mai albashi, ni fa?" Ta hau kekenta ta tafi.

Aka tsira mata allura a goshi da tsakanin gira. Kafin mako ya zagayo goshi ya yi sumul kamar na jariri, gira kuwa ta kafe, ko motsi. Floris har da tafi.

Sai ga wata hira a labaran yamma. Ɗan jarida ya tambayi wani kansila ko za a rufe gidan tsofaffin da Babanmu Douwe yake zaune. Tambaya ce kawai, amsar ma a'a ce. Amma da girar Yaya ta ƙi tashi, abin da Baba ya gani shi ne: za a rufe gidan. Bai tsaya ganin saura ba. Da na isa na tarar da tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya zaune a bakin gado, ya sa kwat, akwati a gabansa, hoton marigayiya Mama a cinya. Abokansa kurame biyu suna tsaye a ƙofa, suna ta tambayar juna da hannu ina za a kai su.

Da Yaya ta zo ta yi masa bayani, ya daɗe yana kallonta. Ya ɗaga hannu ya ce, "Wa ya kashe miki fuska? Ina jin hannunki, amma ba na jin ki."

A gabana ta yi kuka, goshi kuwa ko gezau, kamar ba nata ba.

Ƙorafi ya yi ta zuwa daga kurame. To, ku ji rashin kunya: wannan ƙorafin Floris ya riƙe ya cire ta daga allo, wai masu kallo ba sa fahimtarta. Na je har ofishinsa na ce, "Kai ba kai ka tura ta ba?" Ya buɗe hannu ya ce shi shawara kawai ya bayar, ai babba ce, da ƙafarta ta je.

Bayan 'yan watanni allura ta sake ta, tamoji suka dawo, amma kujera ba ta dawo ba. Yanzu a asibiti da kotu take tafinta, kuma ba ta son a ɗauko zancen. In na fara zagin Floris sai ta ce in bar shi, yaro ne. Yaron nan kuwa bana aka ƙara masa girma, ya koma babban gidan talabijin a kudu.