Gafaka a Kan Gadon Mota

Taubashina, ɗan kawuna, tela ne a kasuwar Shagari. Ni kuwa ina Boɗinga, ina karantar da yara da safe, ina noman albasa da rani. Tun muna ƙanana ba mu taɓa gaisawa da hankali ba. Shi ya ce mini Alaramma mai tawada a gemu, ni in ce masa ɓarawon ƙyalle. Duk duniya babu wanda na sake jiki da shi kamarsa, kuma wannan sakin jikin ne ya kai ni Agadas.

A lokacin mulkin farar hula ne, bayan abubuwa sun fara tsanani. Sabulu da madara da sukari sun yi wuyar gani, mutane na yini a layi su koma gida hannu wofi. Wani Bature malamin makaranta zai koma ƙasarsu, sai taubashin nan nawa ya sayi motarsa. Mota ce mai kama da ɗaki, da labule, da risho, da gadon katako a baya wanda ake ɗaga samansa kamar murfin akwati.

Ya zo har ƙofar gidana ya yi ta danna oda.

"Alaramma, taso mu tahi ka ga ƙasar Allah. Kullum kana karanta Sahara cikin littahi, ko rairayinta ba ka taɓa takawa ba."

"Kai da ko wando ba ka iya yankewa daidai, kai za ka kai ni Sahara?"

"Wallahi har Agadas. Amma ka ɗauko Alƙur'aninka, wanda ka rubuta da hannunka. Hanya na son albarka."

Wannan magana ta yi mini daɗi. Shekara uku na yi ina rubuta shi, warƙa bayan warƙa, yana cikin gafakarsa ta jar fata. Taubashina da kansa ya shimfiɗa sabon buzu a kan gadon, ya ce nan ne wuri mafi tsayi a motar, nan ya dace da Littafi. Na yi alwala na ɗora.

A kan iyaka, bayan Illela, wani ma'aikaci ya leƙo. Ya buɗe ƙofar baya, ya kai hannu zai ɗaga gadon, sai ya ga gafaka. Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Ya ce ba shi da alwala, Malam a yi haƙuri, a sa shi cikin addu'a. Na yi masa addu'a mai tsawo da zuciya ɗaya. Haka aka yi a shinge na biyu, haka a na uku. Har na rubuta a ɗan kundina da ajami cewa mutanen hanyar nan masu girmama Littafin Allah ne.

Ba zan ce tafiyar ba ta yi kyau ba, Allah na gani. A garin Tawa mun yini wurin dukawa, ina kallon yadda suke rina fata kore da ja. Gaba da nan muka ratsa gefen wani daji da gwamnatin can ta keɓe wa namun jeji. Itatuwa suka yi ta gajarta har suka ƙare. Wata safiya muna dafa shayi a risho, barewa biyar suka tsaya nesa kaɗan suna kallonmu, na ajiye kofi na yi tasbihi. Taubashina ya ce ƙanen babansu suka gani shi ya sa suka tsaya. Na yi dariya har na ƙware.

Rana ta huɗu muka shiga Agadas. Bayan Azahar ya ce in je unguwar maƙera in ga aikin azurfa, shi zai duba mota. Na tafi. Wani tsoho Buzu yana zana ƙaramar sarƙa da ƙarfe siririn kamar alƙalami, ya nuna mini irin rubutunsu, na so in kwafa, sai na tuna na bar kundina a mota. Na koma.

Na tarar an shigar da motar wani gida mai faɗin tsakar gida. An ɗaga gadon. Maza uku suna fitar da katan-katan na madara da sabulu da sukari, irin waɗanda matan Boɗinga ke yini a rana suna nema. Ban daɗe ina kallon kayan ba, domin idona ya sauka ƙasa. Gafakata tana kan rairayi, jingine da tayar mota, kusa da takalmin wani. Sabon buzun kan gadon kuwa an shimfiɗa shi ga mai gidan, yana zaune a kai yana shan shayi.

Na ɗauke ta na kakkaɓe.

"Wa ya sauke wagga?"

"Kai, Alaramma, yanzu za a mayar. Ɗan lokaci na."

"Da alwala ka ɗauke ta?"

Ya yi dariya, ya dubi mutanen.

"Ku ji mini malamin ƙauye! Wasa na, taubashi. Da na hwaɗa maka ai ba ka zuwa."

Ya faɗi gaskiya, da ban zo ba. Na tsaya ina tuna mutum uku da suka janye hannu don tsoron Allah, da addu'ar da na yi musu ina zaune kusa da abin da aka ɓoye. Ni na ɗora Littafin da hannuna, da alwalata.

Ban yi masa faɗa a gaban baƙi ba. Na ɗauki butata da kundina, na rataya gafaka, na fita. Ya biyo ni har tasha yana tsokana, yana jan hannun rigata, yana jiran in rama ko da kalma ɗaya ce, don in na rama shi ke nan ya zama wasa. Ban rama ba. Wata babbar mota mai zuwa Ƙonni, bakin iyaka, ta ɗauke ni a saman kaya, gafaka na kan cinyata har gida.

Kawu ya tambaye ni me ya raba mu a hanya, na ce zafin Sahara ne ya fi ƙarfina. Na nemi gafarar Allah kan wannan ma, amma tsoho ne, ban so ya ji.

Taubashina ya yi arziki daga baya, ya je Makka, ya gina bene. Muna haɗuwa wurin suna da jana'iza. In ya gan ni sai ya cire takalmi ya rusuna, ya ce, "Allah gafarta Malam, an wuni lahiya?" Ni kuma in ce, "Lahiya lau, Alhaji, yaya iyali?" Mutane suna yaba mana wannan ladabi.