Farin Tsumman da Bai Shiga Bindiga Ba

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a tsakiyar daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare. An kwana uku ana ruwa, masara ta yi goyo, garken birai ya sauko daga dutse ya faɗa gonar Malam Haruna. Ina tsaye bisa kunya riƙe da gorar ruwan Baba, manoma kusan goma sun ja baya sun zuba masa ido. Baba ya zuba albarushi a bakin bindigarsa, ya ɗora dalmar da ya naɗe da takarda, ya danna da sandar ɗuri kamar kullum. Sandar ta shiga rabi ta tsaya. Ya ƙara ƙarfi, ya jingina da ƙirjinsa, ba ta motsa ba. Can gaba babban gwaggon biri yana zaune yana ɓare masara yana kallonmu, ko gezau. A duk wurin ni kaɗai na san dalilin tsayawar sandar nan, kuma ban buɗe baki ba.

Baba maharbi ne, shi ke gadin gonakin ƙauyenmu da damina, kowane mai gona ya ba shi dami ɗaya da kaka. Sauran maharba suna cusa duk abin da suka samu a bindiga, guntun ƙarfe ko tsakuwa, su toshe da tsumma. Shi kuwa dalma yake narkawa, ya yanka takarda a karkace, ya jiƙa ta da harshe, ya naɗe dalmar sau biyu, ya murɗa wutsiyar, in ta bushe ya shafa mata man kaɗanya. Ya ce takarda ke sa dalma ta zauna daram ta tafi sak. Tsofaffin littattafaina na makaranta yake yankawa, har yana tsokanata wai lissafin da na faɗi a aji ya fi wanda na ci kashe birai. Amma naɗin takarda yana da sharaɗi: ba ya shiri da datti. Duk harbi ɗaya albarushi yana barin baƙar toka a cikin bututu. Shi ya sa bayan kowane harbi Baba yake hura numfashi a ciki don tokar ta yi laushi, bayan harbi biyu ya zura danshin tsumma. "Albarushi baƙo ne mai barin shara," in ji shi.

Babban wankin na yamma ne, kuma aikina ne. Ni ce ɗiyar fari, ƙannena maza lokacin ba su isa komai ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Maharba sun sha yi masa magana, sun ce mace ba ta taɓa bindiga, laƙani yake karyewa. Ya ce su bar shi da laƙaninsa. In ya dawo daga gona, sai in ɗora ruwa a murhun Inna bayan ta sauke tuwo, in toshe ramin wuta da tsinke, in zuba ruwan zafi a bututun, in jijjiga in zubar. Ruwan farko baƙi ƙirin yake fita da warin ruɓaɓɓen ƙwai, kaji ma gudu suke yi. Sai in naɗa tsumma a sandar ɗuri in yi ta zurawa, in canja wani, har wanda zai fito fari. Shi nake kai wa Baba a zaure. Yakan duba, ya gyaɗa kai, ni kuma in shafa mai in rataye bindigar.

Lahadin da ta wuce kafin ranar nan Baba ya yi harbi da yawa. Da yamma ruwa ya ɗan tsagaita, ƙawayena suka kafa carafke a ƙofar gidanmu, ina jin ƙarar duwatsun daga tsakar gida. Itace ya jiƙe, wuta sai hayaƙi, idanuna na ta hawaye, ruwa ya ƙi ko ɗumi. Na dubi murhu, na dubi ƙofa. Sai na yagi wani farin tsumma, na tsoma a randa, na matse, na murza shi a tafin hannu don ya yi kamar ya sha aiki, na kai zaure. Tsumman da ya shiga bindiga, ko ya fito fari, warin albarushi ba ya barinsa. Da Baba ya kai shi hanci, da asirina ya tonu nan take. Bai kai ba. Ya duba, ya ce Allah ya yi mini albarka. Na goge bayan bututun da mai ya yi ƙyalli, na ce a raina gobe zan wanke. Na ci carafke sau uku a ranar. Litinin da Talata ruwa ya hana fita, ni kuma na manta sarai, toka ta sha danshi ta daskare, tsatsa ta bi ta.

Dalmar da ta tsaya a rabin hanya ba a harba ta, bututu yake fashewa a hannun mutum. Baba ya sauke bindigar, manoma suka kori birai da ihu da jifa, amma rabin gonar ta riga ta tafi. Da la'asar Sarkin Baka, shugaban maharba, ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ina laɓe bayan danga ina ji. Wani ya ce ai dama an faɗa, bindigar da hannun mace ke taɓawa ƙarshenta ke nan. Baba ya ce yarinya ba ta da laifi, ta nuna masa aikinta ya gani, shi ne ya yi sakaci da kayan sana'arsa. Aka karɓe gadin aka ba wani. Shekarar ba dami ko ɗaya da ya shigo mana daga gadi, yara kuma suka sa masa suna Mai Sandar Ƙarfe, wai bindigarsa ta zama sanda, sunan ya bi shi har kasuwa. Da muka koma gida shi da kansa ya zaro dalmar, ya zuba ruwan zafi, ruwan ya fito baƙi da ja-ja. Ina tsaye ina jiran ya tambaye ni, ko ya mare ni in huta. Ya miƙo mini sandar ya ce in ƙarasa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa Baba ya tsaya a bakinsa ya tare, ni kuma kunya ta hana ni fitowa.

Yanzu ina zaune a hawa na sha biyu a unguwar Cheras, can ƙasar waje a gabas mai nisa, kullum da safe ina bin jirgin ƙasa na MRT da bas zuwa jami'a a titin Jalan Semarak, inda nake digiri na uku, kuma a kan tsatsar ƙarfe. A garin nan in ka bar wuƙa da danshi a baranda, kafin gobe ta yi ja. Makon jiya 'yata Hafsa ta miƙo mini robar da take tapau, wato ƙunshin abinci, zuwa makaranta, ta ce da salon maganar yaran garin, "Na wanke lah, Umma." Kafin in yi tunani na kai robar hanci a gabanta. A wanke take tas. Kallon da yarinyar ta yi mini ya tsaya mini a rai har magariba. Na kira wayar ƙanena, lokacin rana ta take a gida, na ce ya kai wa Baba. Ya tsufa, bindigar tana rataye, birai ma sun ƙare a dutsen. Na gaishe shi, sannan na faɗa masa komai, daga jiƙaƙƙen itace har carafke.

"Tun da sandar ta tsaya na sani, Uwata."

"To Baba, me ya hana ka faɗa musu?"

"Gadi suka zo karɓa, sun karɓa. Sai in haɗa musu da uwata?"

Ya yi dariya, ya tambaye ni ko a can ma ana samun man kaɗanya. Na daɗe zaune a baranda bayan mun yi sallama, ruwa na sauka a kan rufin kedai, wato shagon da ke ƙasa. Ina da na'urar da ke ganin tsatsar da ido ba ya gani, shi kuwa hanci kawai yake da shi, kuma ya ƙi amfani da shi a kaina. Har yau ban kai tsawon mutumin nan ba.