Allura a Cinya, Ciwo a Wuya

A rumfar zanar da asibitin Gumel ya kafa wa masu sanƙarau a bazarar nan ta 1977, akwai wani dattijo da ban san sunansa ba. Dogo ne, hannunsa duk kanta. Ɗansa na kwance a tabarma, wuya ya sanƙare.

Malamin asibiti ya yi wa yaron allura a cinya. Dattijon ya riƙe rigar malamin.

"Malam, ciwon a wuya yake. Don Allah ka soka a wuyan."

"Baba, jini ne zai kai maganin cikin ruwan ƙashin baya. Kaɗan ke shiga can, shi ya sa muke maimaitawa."

"Kaɗan?"

Malamin ya wuce, mutum talatin na jiransa.

Ina jin dattijon mai lambu ne, wanda ya saba kora ruwa har fangalin ƙarshe. Ga shi durƙushe, yana shafa yaron daga cinya zuwa gadon baya, daga nan zuwa ƙeya, yana kora maganin sama. Tun hantsi yake yi. La'asar ta yi, yaron bai motsa ba. Amma dattijon ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi.