Kwana Bakwai Injin Baba Na Shan Kananzir

Ina aji biyu na sakandare a Argungu, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, injin kwale-kwalen Baba ya cije. Tsohon inji ne na gado, na rantse ya girmi gulbin kansa. Fistin, ƙarfen nan mai hawa da sauka a cikin injin, ya ƙame ƙam, ga ruwa na tasowa, ga shinkafarmu a tsallake tana jiran a kwaso ta.

Baba ya kwance kan injin, ya cika ramin fistin da kananzir. Kullum da safe ya ɗora guntun itace ya ƙwanƙwasa a hankali. Shiru. Shi ya ɗauka tsufa ne. Ni kaɗai na san baƙin man da ya ba ni in gauraya da fetur, kekunanmu ni da abokaina suka shanye shi. Kuma sauran fetur ɗin nan marar mai yana cikin jarka. Ranar da injin ya tashi aka zuba masa shi, ya mutu ke nan har abada.

Ko akuya ta kalli jarkar sai in kore ta.

Rana ta shida bayan magariba, muka kewaye Kaka a bakin murhu kamar kullum.

"Ga ta nan tahe," in ji ta.

"Ta iso mu sha labari!"

Ta ce an yi wani kada mai tsaron mashigi, kullum masunta na aika masa waina ta hannun wani yaro. Rannan yaron ya cinye a hanya. Kada ya riƙe jirgin garin a tsakiyar ruwa, sai da aka yi kwanaki ana lallashi ya saki. Da gari ya waye aka sake miƙa wa yaron waina.

Nan ta yanke labarin ta shiga gyara itace.

"Kaka, ƙarshen fa?" in ji ƙanwata.

"Ƙarshen na hannun yaron." Ta juyo gare ni. "Kai mai gidana, mi ya same ka? Zuhwa kake ga sanyin ga?"

Na ce hayaƙi ne.

Washegari fistin ya motsa. Baba ya yi hamdala, ya goge, ya ɗaure, ya miƙa hannu ga jarka. Ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Baba, babu mai a ciki!"

Ya janye hannunsa daga jarkar. Sannan ya ce, "Je ka ɗauko wani gwangwanin mai. A gabana za ka zuba."

Kunnena na hagu ya kwana uku da zafi, amma shinkafa ta iso gida.

Har Kaka ta rasu ban tambaye ta ko ta sani ba. Da na girma na gane dalilin da ta bar tatsuniyar a buɗe: da ta tona ni da bakinta, da injin ya tsira, ni kuma na ci gaba da cinye wainar mutane.