Yasmin ɗin Ƙofar Tela

Duk layin an san Tela da abu biyu: ba ya cika alkawarin ɗinki, kuma ba ya wasa da yasmin ɗin da ke ƙofar gidansa. Ka kushe ɗinkinsa, dariya zai yi. Ka tsinki fure ɗaya, ranar sai kunnenka ya gaya maka.

Asali shukar matarsa ce. Tun suna amarci ta samo reshe, ta zage ganyen ƙasa, ta soka shi cikin yashi da ɗan taki a tsohon bokitin fenti da ta huda wa gindi. Da tsufa ya tafi da idonta, ƙamshin ya zama jagoranta. In ta fito daga maƙwabta shi take bi har ƙofa, ba ta neman hannun kowa.

Sai Tela ya karɓi renon shukar, ya kuwa yi reno irin na mai tsoro. Ruwa safe da yamma, taki ba ƙaƙƙautawa, ya ja bokitin inuwa kada rana ta taɓa shi. Haka ya yi wa matar ma: ba shara, ba girki. Yasmin ya yi ganye shar, fure ko na magani babu. Ran nan ta dawo daga hira, ta wuce ƙofarta ta faɗa gidan mai wanki. Aka rako ta ana dariya, har da ita, amma tun daga ranar ta daina fita. Abin ya ci wa Tela rai ƙwarai.

Wata safiya ta ce, "Malam, miƙo min almakashinka."

"Me za ki yanka?"

"Ɗan gatanka."

Ta durƙusa tana laluben rassa tana datsewa, Tela na tsaye hannu a ka.

"Kashe shi za ki yi, 'yar tsohuwa!"

"Kai dai ka kusa kashe shi da so. Fito da shi rana. Ruwa kuma sai ka soka yatsa ka ji ƙasa ta bushe. A sabon toho yake fure."

Ya bi umarni yana gunaguni. Masu karɓar ɗinki suka yi ta tambayarsa wane wanzami ne ya yi wa bokitinsa ƙwalƙwal. Mahakurci mawadaci: toho ya fito, fararen furanni suka biyo baya.

Wata yamma yana kan keken ɗinki, bai san matar ta fita ba, sai ya hango ta daga kwana, ita kaɗai, tana tahowa a hankali, hanci a sama. Ya yunƙura zai tare ta, sai kuma ya koma ya zauna. Ba ta kauce ko taku ɗaya ba. Ta tsinki fure, ta lalubi aljihun rigarsa ta saka masa. Daɗi ya cika shi.

"Gobe ni zan yi shara," in ji ta.

"Tsintsiya na bayan ƙofa," ya ce, ya ci gaba da taka kekensa.