Ƙararrawar Keken Dzarma

An yi ta yaɗawa a unguwar Galtimari wai Dzarma ya rasu tun bara, fatalwarsa ce ke yawo. Mai ƙosan bakin layi ta rantse ta ga ya wuce a zaune, ƙafa ba ta motsi, ba ƙara ba hayaƙi, har man suyarta ya daskare don tsoro. Ku kwantar da hankalinku. Ni Alfred taubashinsa ne, na kuma san fatalwa ba ta neman ƙarin tuwo. Keken lantarki ya saya.

Dzarma tsohon akawun coci ne. Tun da matarsa Ketura ta rasu, 'ya'ya suka bi aiki kudu, gidansa ya yi shirun da ko ƙadangare ne ya yi tari sai ya ce masa sannu. Babur an daɗe da hana shi a Maiduguri, gwiwoyinsa kuma sun ƙi feda, shi ne ya sayo wannan abu mai tafiyar munafuki.

Da wani ya banke tsohuwa a lungu da irin keken, Bulama, mai unguwarmu, ya kafa doka: duk wanda bai sa ƙararrawa ba, a ƙwace. Aka ɗora wa Ba'ana, dattijon 'yan sintiri mai riƙe igiyar bakin unguwa, aikin dubawa. Kowa ya sa. Kana kaɗawa, Ba'ana zai saki igiya ko kallonka bai yi ba.

Ban da Dzarma. Kullum safe sai Ba'ana ya tsayar da shi da gaisuwar Barebari.

"Wushe, Malam Dzarma. Yau ma babu?"

Daga nan sai musu, keke ne ko babur. Daga musu a gangara tsadar wake, ciwon gwiwa, damunar ƙauyensu. Sai rana ta ɗaga Ba'ana ya tuna da aikinsa, ya ce gobe fa kada ya sake ganinsa haka. Dzarma ya wuce fuska a sake. Har dare ba mai ƙara kiran sunansa.

Labari ya kai wa Bulama. Ya aiko cewa in Juma'a ta zo babu ƙararrawa, keken ya tafi. In kuwa ya tafi, ba coci, ba ziyarar kabarin Ketura.

Na je in yi masa tsiyar rowa, sai ga ƙararrawa sabuwa fil a kan taga, ledarta ta yi ƙura. Ashe tare da keken ya sayo ta. Ya ɗaura ta a gabana.

Ran Juma'a na tsaya kallo. Ya kaɗa, Ba'ana ya saki igiya, ya ɗaga hannu, idonsa na kan wani. Dzarma ya rage gudu kamar zai tsaya, sannan ya wuce.

Na tare shi a gaba na ce barka, fatalwa ta sami baki.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da aka haifa da ƙararrawa a baki, yaushe rabonka da kaɗa ta a ƙofar gidana?"