Osman na Ɗakin Rediyo da Jirgin da Ya Koma Kumasi

Da an idar da sallar asuba, Malam Osman zai ɗaure ƙafar wandonsa da zare, ya hau keke daga Nyanshegu zuwa filin jirgin Tamale. Sama yake fara dubawa kafin ya gaida mutane. Sai ya shiga ɗakin rediyo, ya kunna akwatin, ya jira ya ɗumama. Haka yake tun zamanin yaƙi, kuma watan nan ya ajiye aiki. Mai wannan rubutu bai taɓa hawa abin da ya fi bishiyar kaɗanya tsayi ba, ita ma faɗowa ya yi, amma tunda masana sun yi shiru, ga abin da ya samu.

Idan hadari ya rufe gari, matuƙi ba ya ganin ƙasa, sai ya bi wata allura da ke nuna masa doguwar sandar rediyon filin. Doka ta hana shi yin ƙasa da ƙafa dubu biyu sai allurar ta juya, alamar ya wuce sandar. A nan matuƙa kan rikice: an ba su izinin shigowa, sai su ɗauka dokar tsayi ta faɗi. Osman ba ya barin kowa sai ya maimaita masa tsayin da bakinsa, har suka sa masa Malam Sake-Faɗa.

Daminar da ta biyo bayan samun 'yanci, Turawan filin sun watse, aka bar shi shi kaɗai. Wata la'asar jirgin Ankara, babban birnin ƙasar, ya biyo ta Kumasi ɗauke da yayan Osman, Iddrisu, falken goro, wanda likitoci suka sallama. Ba abin da ya roƙa sai a kai shi gida ya cika a ɗakin uwarsa. Ƙanwarsu Fusena na bakin wayar shingen filin da tabarma da bargo. Sai hadari ya haɗo.

Zubeiru na motar kashe gobara yana bakin ƙofa, shi ya ba ni labari.

"Ka ba ni izini, ina saukowa," in ji matuƙin.

"Izinin shigowa na ba ka. Allura ta juya?"

"Walƙiya ta haukata ta, rawa take yi. Ina jin na wuce."

"Ji kake yi, ko ka gani?"

"Malam, man da ya rage min na komawa Kumasi ne kawai, in na juya yanzu. Akwai wani nan baya yana kiran sunanka. Ka ce e, mu gama."

Osman ya matsa kusa da akwatin. Daga nan ya ce, "Zauna a dubu biyu. Juya Kumasi. Sake faɗa min."

Matuƙin ya sake faɗa. Suna ji ƙarar jirgi ta bi ta kansu, ta yi kudu.

Iddrisu bai kai safiya ba. Baƙi suka yi masa sutura a zangon Kumasi. Tun lokacin da jirgin ya juya Fusena ta shigo ɗakin rediyon jiƙe sharkaf, ta ce, "Yaya, kai ka fi matuƙi sanin jirgi? Kalma ɗaya fa!" Har yau da an yi zancen, takan ce, "Da ya sauka lafiya." Kuma wataƙila da ya sauka ɗin. Nan ciwon yake: ba wanda zai iya rantse mata cewa da ya faɗi, Osman ma bai taɓa gwadawa ba.

Kai ne, Malam, ka riƙe bakinka ranar da zuciyarka ke cewa e. Sauran fasinjojin sun kwana Kumasi suna zagin hadari, sun tsufa ba su san sunanka ba. Gwamnati ta sallame ka da shayi da jawabi, mu kuma ko jawabin ba mu yi ba sai yau. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Samarin da suka gaji kujerarka, idan matuƙi ya ce yana jin ya wuce, ku tambaye shi ko ya gani, ko wa ke zaune a bayansa.

Ranar Asabar zai tafi Kumasi a motar goro, ya nemi wanda ya tuna inda aka binne Iddrisu. Ya ce wa Fusena ta zo su je. Ba ta ba shi amsa ba tukuna.